TARIHIN ALEXANDER GRAHAM BELL, MALAMIN KURAME WANDA YA ƘAGO WAYAR TARHO

Mutanen 'Yankuzo da Tsafe da Bunguɗu da Gusau ba za su manta da watan Satumba na shekarar 2021 ba, sa'ad da hukuma ta sa aka rufe hanyoyin waya a ƙasar Zamfara duka saboda yaƙi da 'yan fashin daji. Makonni suka shige ba mai jin muryar ɗan'uwansa daga nesa. Mai hatsi ba ya sanin yadda kasuwa ta ke a Gusau sai ya je da kansa. Akawu ba ya iya tambayar babban ofis ko da kalma ɗaya. Wanda kuwa ya matsu sai ya hau mota ya ƙetare iyaka zuwa wata jiha don maganar minti biyu. A lokacin nan ne mutane da yawa suka san darajar abin da su ke riƙe da shi a hannu. To, ya kamata mu san mutumin da wannan abu ya faro daga gare shi, musamman mu malaman makaranta, don shi ma malami ne, da ku akawuna waɗanda a kan ɗora wa zaɓen wayoyin da za a sa a ofis.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alexander Graham Bell a Edinbara, babban birnin Sikotland, ran 3 ga Maris 1847. Gidansu gidan koyar da magana ne. Kakansa a kan wannan sana'a ya tsufa a London, yana gyara harshen masu i'ina da masu son su iya jawabi gaban jama'a. Ubansa, Alexander Melville Bell, ya gāji aikin, har ya ƙago wani irin rubutu wanda ke nuna yadda harshe da leɓe da maƙogwaro su ke zama in za a furta ko wane sauti. Ya buga littafin wannan rubutu cikin 1867.

Amma abin mamaki, uwar gidan nan na masu koyar da magana, watau mahaifiyar Bell, jinta ya yi ta raguwa har ta zama kurma. Yaron ya koyi yi mata magana da yatsu. Sa'an nan ya lura in ya sa bakinsa kusa da goshinta ya yi magana da murya ƙasa ƙasa, ta kan ji motsin muryar a ƙashin kanta ta gane abin da ya ke nufi. Tun daga nan ya san murya motsi ce, kuma in an sami abin da zai ɗauki motsin, to, ta iya bin wata hanya dabam ta isa inda a ke so.

A makaranta bai yi fice ba. Ya bar babbar makarantar Edinbara yana da shekara 15, ya tafi London wurin kakansa ya yi shekara guda, can ne son karatu ya shige shi. Da ya kai shekara 16 sai ya sami aiki a wata makaranta a garin Elgin, yana koyar da kiɗa da iya magana, shi kuma ana koya masa waɗansu fannoni. Malamanmu da suka fara aiki suna ƙananan mataimaka kafin su tafi kwalejin horon malamai sun san irin wannan zama.

Sai mutuwa ta shiga gidan. Ƙanensa ya rasu cikin 1867, wansa kuma cikin 1870, dukansu da ciwon tarin fuka. Shi kansa Bell ba shi da ƙoshin lafiya. Uban ya ga ɗa guda ya rage masa, sai ya kwashe iyalinsa cikin shekarar nan ta 1870 suka ƙetare teku zuwa Kanada, suka zauna a wata gona kusa da garin Brantford. Iskar wurin ta karɓe shi, ya murmure.

MALAMIN KURAME A BOSTON

Cikin 1871 ya tafi birnin Boston na Amurka don ya koya wa malaman wata makarantar kurame rubutun nan na ubansa. Aikinsa ya yi kyau, har cikin 1873 Jami'ar Boston ta ba shi kujerar koyar da ilmin murya. Bayan wannan yana da almajirai na gida. Biyu daga cikinsu su ne sanadin arzikinsa. Ɗaya wani yaro ne da aka haifa kurma, ɗan wani attajirin fatu wai shi Thomas Sanders. Ɗayar kuwa yarinya ce, Mabel, wadda zazzaɓi mai tsanani ya kurumta tun tana 'yar shekara 5, 'yar wani lauya mai suna Gardiner Hubbard.

Da rana Bell yana aji, da dare yana gwaje-gwaje da waya da batir. A zamanin nan tangarahu ne kaɗai hanyar aika saƙo da sauri, kuma waya guda saƙo kaɗan ta ke ɗauka a lokaci ɗaya. Ko wane kamfani yana neman dabarar da za ta sa waya guda ta ɗauki saƙonni da yawa, don kafa turaku da jan waya su ne masu cin kuɗi. Bell ya yi tunanin a ba ko wane saƙo nasa amo, kamar yadda kunne ke rarrabe kalangu da algaita ko da tare a ke yin su. Iyayen almajiran nan biyu suka ji labari, suka yarda su zuba kuɗi, in an sami riba a raba.

Cikin 1874 wani likitan kunne na Boston ya ba shi kunnen wani mamaci don ya yi nazari. Bell ya duba dodon kunne, ya ga ɗan tantani ne marar kauri, amma in murya ta buge shi sai ya motsa ƙasusuwan da ke bayansa, waɗanda suka fi shi nauyi nesa. Sai ya ce a ransa, in haka ne, tantani mai ɗan kauri ya iya motsa ƙarfe, ƙarfen kuma in yana motsi gaban maganaɗisu ya iya sa lantarki ya riƙa hawa da sauka daidai da hawa da saukar murya. Asalin tarho ke nan. Amma Hubbard ya ɗauki wannan tunani wasa ne, ya matsa masa ya koma kan tangarahu inda kuɗi su ke.

Bell mai tunani ne, amma hannunsa bai ƙware ga ƙira ba. Ya yi dace da wani saurayi maƙeri, Thomas Watson, wanda ke aiki a wani shagon kayan lantarki. Ran 2 ga Yuni 1875 suna gwajin tangarahu, ko wanne a ɗakinsa, sai wani siririn ƙarfe ya manne a wajen Watson. Ya fizge shi da yatsa don ya saki. Bell da ke ɗaya ɗakin ya ji amon ƙarfen ya biyo waya ya fito a gefensa. Wani da ya ji ya wuce, amma kunnen da ya saba da sauraren kurame suna koyon furuci bai bar shi ya wuce ba.

SHEKARAR 1876

Ran 14 ga Fabrairu 1876 aka kai takardar Bell ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Washington, don a tabbatar masa da mallakar dabarar. A wannan rana kuma wani gwanin lantarki, Elisha Gray, ya kai tasa takarda ta sanarwa cewa shi ma yana kan irin wannan aiki. Ofis ya ba Bell, ran 7 ga Maris, takarda mai lamba 174,465. Bayan kwana uku, ran 10 ga wata, Bell ya yi magana cikin na'urarsa yana kiran Watson ya zo, Watson kuwa ya ji kalmomin sarai daga wani ɗaki, ya taso ya zo.

Gaskiya ita ce na'urar da aka yi gwajin ran nan da ita, mai aiki da ruwa, ta yi kama da wadda Gray ya zana a takardarsa, kuma har yau masana tarihi suna gardama a kan wannan. Akwai kuma wani mutumin Italiya mazaunin Amurka, Antonio Meucci, wanda ya kai tasa sanarwa tun 1871 amma talauci ya hana shi ci gaba da sabunta ta. An yi shari'u wajen 600 a kan mallakar tarho, kuma cikin 1888 babbar kotun Amurka ta tabbatar wa Bell, alƙalai huɗu suka rinjayi uku.

Cikin Yuni 1876 aka yi babban baje koli a Filadelfiya. Bell ya so ya ƙi zuwa don almajiransa suna da jarrabawa, amma aka lallashe shi ya je. Cikin masu duba kaya akwai Sarkin Birazil, Pedro na Biyu, wanda ya riga ya san Bell ta wajen aikin kurame. Sarki ya sa na'ura a kunne, ya ji murya, mamaki ya kama shi. Cikin Agusta aka ji murya daga Brantford zuwa wani gari mai nisan mil 8. Cikin Oktoba Bell da Watson suka yi zance, wannan ya faɗa wancan ya mayar, a nisan mil 2. Cikin Janairu 1878 ya nuna wa Sarauniya Victoria tarho a Ingila.

TARHO YA SHIGA KASUWA

An kafa kamfanin Bell ran 9 ga Yuli 1877. Bayan kwana biyu Bell ya auri almajirarsa Mabel, ya ba ta hannayen jarinsa duka, ya bar wa kansa goma kurum. Sun haifi 'ya'ya huɗu, mata biyu suka rayu, maza biyu suka rasu suna jarirai.

'Yan kasuwa su suka fara karɓar tarho. Layin farko na dindindin an ja shi ne cikin Afrilu 1877 tsakanin shagon nan da Watson ya yi aiki da gidan mai shagon. Hubbard ya shar'anta ba za a sayar da na'ura ba, sai dai haya. Tarho biyu na gida dala 20 a shekara, na kasuwanci dala 40. Da fari ko wane layi wuri biyu kaɗai ya ke haɗawa, watau wanda ke son magana da wurare biyar sai ya ja waya biyar. Cikin Janairu 1878 aka buɗe ɗakin haɗa waya na farko a garin New Haven da masu tarho 21. Ko wane mutum ya ja layi guda zuwa ɗakin, mai haɗawa ya sadar da shi da wanda ya ke so. Ɗan allon haɗa waya da manyan ofisoshi suka riƙa ajiyewa daga baya jikan wannan ne.

Nan fa gasa ta tashi. Babban kamfanin tangarahu, Western Union, ya shiga sana'ar, ya sa Thomas Edison ya ƙago masa bakin magana mai aiki da gawayi. Na Bell murya ba ta fita da ƙarfi sai an ɗaga ta, na Edison kuwa ana ji sosai. Masu shaguna ba su tambayi wanda ya riga ƙagowa ba, suka bi wanda abokin cinikinsu zai ji. Kamfanin Bell ya ga zai nutse, sai ya nemi wani bakin magana mai gawayi da Francis Blake ya ƙera, ya sa a tarhonsa, kana ya kai ƙara. Cikin Nuwamba 1879 aka yi sulhu, Western Union ya fita daga sana'ar tarho, aka yanka masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya har shekara 17.

Akwai kuma batun amana. Wani mai sana'ar shirya jana'iza a Kansas City, Almon Strowger, ya yi zargin masu haɗa waya suna karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa. Haushin wannan ya sa ya ƙago na'ura mai haɗa waya da kanta, aka yi masa rajista cikin 1891. Sa'an nan da wa'adin takardun Bell ya ƙare cikin 1893 da 1894, ƙananan kamfanoni suka fito birjik, amma layin wannan ba ya shiga na wancan. A garuruwa da yawa tilas ɗan kasuwa ya ajiye tarho biyu bisa tebur, ya biya haya biyu.

SAURAN AYYUKANSA

Shi kuwa Bell tun wajen 1880 ya janye hannunsa daga tafiyar da kamfani, sai dai in an kira shi ba da shaida a kotu. Bai yarda an sa tarho a ɗakin karatunsa ba, don kada ya katse masa tunani. Cikin 1880 shi da wani mataimakinsa suka aika murya bisa hasken rana, ba waya, nisan ƙafa 700. Shi a ganinsa wannan ya fi tarho, amma gajimare kaɗan ya isa ya tsai da shi, saboda haka ba a yi amfani da shi ba. Sai bayan kusan shekara ɗari aka iya kulle haske cikin zaren gilas, kuma irin wannan zare ne ke ɗauke da yawancin maganar duniya ta ƙarƙashin teku yau.

A shekarar nan kuma Faransa ta ba shi kyautar faran 50,000, ya kafa ɗakin bincike da su. Cikin 1881 da aka harbi Shugaban Amurka, Garfield, Bell ya ƙera na'urar neman ƙarfe don a gano harsashi a jikinsa, amma ba a dace ba, Shugaba ya rasu. Daga baya ya shiga binciken jirgin sama da jirgin ruwa mai gudu. Ran 25 ga Janairu 1915 aka buɗe layi daga New York zuwa San Francisco, nisan mil 3,400, tsofaffin nan biyu, Bell da Watson, suka sake magana, ɗaya a wannan bakin ƙasa ɗaya a wancan.

Duk da wannan, aikin kurame shi ya fi ƙauna, kuma da shi ya fi so a san shi. Shi ya nuna wa iyayen Helen Keller, yarinyar nan makauniya kurma, makarantar da suka samo mata malama, har ta zama mashahuriyar marubuciya. Amma a nan akwai abin da ya kamata mu malamai mu lura. Bell ya dage a kan a koya wa kurma furuci da karanta leɓe, ya ƙi a bar maganar hannu ta zama harshen aji. Cikin 1883 kuma ya gabatar da wata takarda yana nuna tsoron auren kurma da kurma. Girman sunansa ya sa makarantu da yawa suka hana yara maganar hannu shekaru masu yawa, yaran da furuci ya gagara kuwa suka fita ba karatu. Yau an san maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma kurame da yawa suna ganin Bell ya cuce su ko da ya ke alheri ya nufa.

Ya rasu ran 2 ga Agusta 1922 a gidansa na Nova Scotia cikin Kanada, yana da shekara 75, bayan fama da ciwon suga. Ran da aka binne shi aka tsai da wayoyin Amurka da Kanada minti ɗaya don girmama shi. Matarsa ta bi shi bayan wata biyar.

ABIN DA YA SHAFI OFISOSHINMU

Wayar tangarahu ta haɗa Ikko da London cikin 1886. Tarho ya biyo baya, amma ya daɗe yana hannun ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni. Ran da Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960 layukan ƙasar duka ba su kai 20,000 ba. Sai daga 2001 wayar hannu ta yaɗu, tarho ya shiga aljihun talaka. Yanzu kuma ofisoshi da kantuna suna komawa ga tarho mai bin intanet, wanda aka fara sayar da irinsa cikin 1995. A nan ba a keɓe wa masu magana layi guda. Ana yanyanka murya ƙanana ƙanana, ko wane yanki ya bi hanyar da ya samu, a harhaɗa su a can gefen. In waɗansu suka ɓace sai magana ta riƙa yankewa, in kuwa jinkiri ya yi yawa sai masu zance su riƙa cin karo da juna.

Akawun da aka ba zaɓen irin wannan kaya, tambayoyin da za su zo masa su ne waɗanda suka zo wa masu shagunan Boston. Saye za a yi ko haya? Ofis ya iya sayen akwatin haɗa waya nasa, amma sai ya tanadi wanda zai kula da shi. Ya iya kuma yin haya wurin kamfani ya riƙa biya wata wata, sai dai amanar maganganunsa tana hannun wani, abin da ya dami Strowger ke nan. Kayan za su yi aiki da na wani kamfani? A nemi masu bin ƙa'idar bai ɗaya da masu sana'ar ke kira SIP, don kada a koma zamanin tarho biyu bisa tebur guda, ko kuwa a zubar da kaya ran da aka sake kamfani. In akwai tsofaffin tarho masu kyau, akwai ɗan akwatin da ke haɗa su da intanet, ba sai an sayi sababbi ba. Sai batun wuta. Tsohon tarho daga batir ɗin gidan waya ya ke samun ƙarfinsa, shi ya sa ya kan yi aiki ko an ɗauke lantarki. Na intanet kuwa wuta na tafiya ya mutu, saboda haka kuɗin batir ko na faifan hasken rana yana cikin kuɗin waya, a sa shi cikin kiyasi tun farko.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji. Bell bai taɓa yarda na'urarsa ta yi ba sai Watson ya fito daga ɗaya ɗakin ya faɗa masa abin da ya ji. Kada akawu ya sa hannu a takardar biya don kyan akwati ko yawan maɓallai. Ya roƙi a ba shi tarho biyu na gwaji, ya sa wani abokin aikinsa a 'Yankuzo shi yana Gusau, su yi magana da safe, su sake da yamma sa'ad da hanya ta cika, su kuma sake bayan an ɗauke wuta. Ya karanta masa lissafin kuɗi da sunayen mutane, wancan ya rubuta, sa'an nan a gwada takardun biyu. In sun yi daidai a saya, in ba su yi ba a mayar wa mai kaya da kayansa.